Sunan Da Na Laƙaba Wa Bakur

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Abubakar Usman makwancinsa a nan Jidda. Bakur muke ce masa, yadda haifaffun nan ke taƙaita Abubakar. Duk shekara idan ranar ta zagayo, abin da nake yi bai wuce in je unguwar Ruwais in gaida mahaifiyarsa, mu yi masa addu'a, in sha shayi in koma gida ba. Bana ma haka na so yi in rufe bakina. Amma wallahi raina a ɓace yake, kuma na gaji da haɗiye maganar nan.

Ga abin da ya faru. Ƙungiyar nan ta Jidda mai wasan ƙwallo irin na Amurkawa, wadda ni da Bakur muka buga wa wasa, za ta yi taron karrama tsofaffin 'yan wasanta ranar Juma'ar nan mai zuwa. Sun buga manya-manyan hotuna da za su rataye a bakin fili, suka turo samfurinsu a guruf ɗinmu na waya. Hoton Bakur na ciki, ya rungume ƙwallo a ƙirji, ƙafa ɗaya a sama. A ƙarƙashin hoton kowa an rubuta cikakken sunansa da na ubansa. A ƙarƙashin nasa kalma ɗaya tak aka rubuta: Hurub. Kuma sun gayyaci 'yarsa Rahma, yarinya 'yar shekara goma sha shida, ta zo ta karɓi lambar yabo a gaban wannan hoton.

Mai karatu na gida ba lalle ya san nauyin kalmar ba. A ƙasar nan baƙo yana zaune ne da iƙama, wato katin izinin zama, a ƙarƙashin kafili, wanda ya ɗauki nauyinsa. Idan kafili ya kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu ya bar aiki, to an yi masa hurub. Daga ranar ya zama abin nema, wanda ya ba shi aiki ma yana iya shiga uku. Na ji an sauya wa abin suna a takarda, amma a bakin mutane har gobe hurub ne. Ba zagi ba ne irin wanda ake yi a kasuwa a manta. Kalma ce da idan ta manne wa mutum, maƙwabcinsa ma sai ya fara duba hagu da dama kafin ya gaishe shi.

Na san Bakur ne watanni kaɗan da zuwana Jidda daga Gusau, na zo aikin ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti. Na'urar sanyaya ɗakina a Aziziyya ta mutu a tsakiyar zafi, aka ba ni lambarsa. Ya zo ya dube ni sama da ƙasa kafin ma ya dubi na'urar, ya ce da wata Hausa mai ƙamshin Larabci, "Ya Abu Kirsh, wannan jikin asara ne a asibiti. Juma'a bayan la'asar ka zo Madain Fahd." Abu Kirsh, wato mai tumbi. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai in magana ta yi tsanani.

A wani fili mai tsakuwa a Madain Fahd na tarar da su, wasu samari da suka yi karatu a Amurka suka dawo da wasan, da wasu irin su Bakur da suka koya a nan. Ba wanda ake biya, kayan ma na hannu ne. Ƙwallon ba zagayayye ba ne, ya fi kama da gwanda, kuma da hannu ake yinsa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sake ba su huɗu, har su kai ƙarshen fili. Mutum ɗaya ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa wa wani ko ya miƙa wa mai gudu. Shi ake kira kwatabak. Ƙattai biyar ke tsayawa a gabansa su yi masa katanga, ɗan wurin da suke kare masa kuma ana ce masa aljihu. Ni aka sa a katanga, ba sai na faɗi dalili ba. Bakur shi ne kwatabak ɗinmu na biyu.

Na biyu, domin ba ya zama a aljihu. Kocinmu, Kaftin Hisham, yana da wani littafi mai kauri da ya zo da shi daga makaranta, kuma a littafin nan kwatabak tsayawa yake yi ƙyam, ya duba, ya jefa. Bakur kuwa da ya ga katanga ta fara tsagewa sai ya sulale ta gefe, kafin ka juyo ya ci yadi goma sha wani abu yana dariya cikin hular kwano. Kaftin ya jefar da usur ya kama kai. "Irja, koma! Wa ya ce ka fita? Kai kwatabak ne ko ɗan tsere?" Sau nawa ya ce masa ya koma cikin masu gudu, wai ƙafa gare shi, kwatabak kuwa kai ake nema. Ni sabo ne a lokacin, amma ko ni na ji abin da ke ƙarƙashin wannan maganar: launin fatarsa.

To a 'yan kwanakin nan, duk tashar wasannin da na kunna sai in tarar da masu sharhi a Amurka suna ɗaga jijiyar wuya. Wai wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauko sabon shiga, yaro kwatabak mai gudu, shin zai iya sauya salon harinta ko kuwa za a karya shi kafin rabin kakar wasa? Suna ta zane-zane a allo kamar sun gano sabon wata. Ni kuwa sai in tuna wata safiyar Juma'a a shagon ful da tamis, wato wake da gurasa, na Ruwais, inda mai gyaran na'urar sanyi ya warware mini wannan tambayar da ƙwallayen dabino.

Ya jera goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, a kan tebur. Ya ɗauke guda daga namu ya ajiye gefe. "Shuf, duba. Idan ni mai tsayawa ne, na miƙa ƙwallo na zama ɗan kallo. Mu goma, su sha ɗaya. Amma idan sun san ina fita, dole su ajiye mini mutum guda yana gadina." Ya ɗauke guda daga nasu. "Wannan ya fita daga wasa, halas. Ko ban motsa ba na riga na cinye shi." Ya jefa ƙwallon dabinon a aljihun rigata, ya ci gaba da cin ful ɗinsa.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Bakur yana da nasa laifin. Wani lokaci yakan fita tun kafin lokaci ya yi, ga mai karɓa can a buɗe yana ɗaga hannu, shi kuwa ya riga ya sunkuyar da kai. Mu 'yan katanga baya muke ba shi, ba ma ganinsa, sai ka yi ta kokawa da ƙato kana kare wurin da ba kowa a ciki. Ya taɓa goce kafaɗa ya yi wata guda ba ya iya ɗaga na'ura. Shi kansa ya san da haka. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba: Kaftin ya rubuta hari uku ko huɗu da aka gina a kan gudunsa, a koya mana mu san ta ina zai bi. Kaftin ya ce ba zai yaga littafinsa saboda mutum ɗaya ba.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye. Sunan nan ni na laƙaba masa. Ba Kaftin ba, ba wani Balarabe ba, ni Sani, ɗan'uwansa Bahaushe.

A wani mako ne na fara jin kalmar hurub a wurin aiki, ta kuwa ba ni dariya, irin yadda sabuwar kalma ke yi wa baƙo daɗi a baki. Ranar Juma'a ana atisaye, Bakur ya sake sulalewa ya bar ni ina dambe da iska. Na miƙe ina haki, na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kaftin, ka kai rahoto! Ma'aikacinka ya yi hurub!" Fili ya ɗauka da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na rama Abu Kirsh. Bakur ma ya yi dariya, sai dai ya cire hular kwano ya dube ni na ɗan lokaci.

Da zai sauke ni a Aziziyya a motar aikinsa, ya kashe injin. "Ya Sani," in ji shi, kuma ranar ce ya fara kirana da sunana. "Kai in an kore ka, Gusau za ka, a tuƙa maka tuwo. Ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi babana. In aka ce min hurub, ina zan je?" Na ce haba Bakur, wasa ne fa, kai ma ba ka san wasa ba? Ya ce, "Tayyib, shi ke nan," ya tada mota. Kakansa ne ya zo aikin hajji a ƙafa ya zauna, shi kuwa Bakur bai taɓa ganin Najeriya ba sai a waya, kuma duk shekara da kati yake zaune kamar ni da na zo jiya. Na san wannan duka a ranar. Ban dai tsaya na auna ba.

Kafin wata ya ƙare ba mai ce masa Bakur a fili. Hurub, jefo! Hurub, yalla, maza! 'Yan kallo suka ɗauka, sababbin 'yan wasa suka zo suka tarar, ba su ma san yana da wani suna ba.

Sai aka gayyace mu gasa a wani gari can gabashin ƙasar, karo na farko da za mu fita Jidda. Masu shirya gasar suka ce a turo kwafin iƙamar kowane baƙo. Kaftin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓa, bai tambayi Bakur ba, bai kuma gaya masa ba. Da safen tafiya Bakur ya iso da jakarsa, ya yi aski, ya sayi sababbin takalma. Da aka gama kiran suna ba nasa, ya zaro katinsa ya miƙa. "Iƙamata ce, Kaftin. Karanta." Kaftin ko kallon katin bai yi ba. "Ma'alesh ya Bakur, yi haƙuri, an rufe sunaye. Ba na son matsala a hanya."

Wace matsala? Mutumin da ka yi shekara uku kana gani duk Juma'a, wanda ya gyara maka na'urar gidanka, wanda kafilinsa dattijo ne abokin babansa da kowa ya sani a Ruwais? Har yau ban san ko Kaftin ya yarda da jita-jitar ba ne, ko kuwa ya samu hanyar ajiye kwatabak ɗin da ba ya jin magana ba tare da ya yi gardamar wasa da shi ba. Ko wanne ne, abin kunya ne. Amma ni ina kujerar taga a cikin motar da za ta kai mu, ina ganin hannunsa a miƙe da katin. Da na sauko na ce ni na ƙirƙiri sunan nan, ƙarya ce, in ba Bakur ba ni, na san aƙalla biyu daga 'yan katanga za su biyo ni, kuma ba a wasa ba katanga. Sai na sunkuyar da kai ina latsa waya har motar ta tashi.

Mun sha kashi a gasar, in ma wani na son sani. Kwatabak ɗinmu na ɗaya ya tsaya a aljihu yadda littafi ya ce, aka yi ta kwantar da shi.

Da abin ya tsaya a fili da sauƙi. Sunan ya bi Bakur har Ruwais, kuma a hanya ya bar wasan a baya. Masu gidajen da suka saba kiransa suka fara cewa sun samu wani. Wata mata ta hana shi shiga gida sai mijinta ya dawo ya ga takarda. Ƙarshe sai da ya yi kwafin iƙamarsa, ya sa aka lulluɓe shi da roba, ya rataye a madubin mota, duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa shi yake fara nunawa kafin sallama ta ƙare. Ya daina zuwa Madain Fahd. Bayan shekara biyu zuciyarsa ta tsaya yana kan rufin wani gida da rana tsaka. Ban ce suna ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma a wajen zaman makoki da kunnena na ji wani yana tambayar na kusa da shi, wai ba shi ne wanda aka yi wa hurub ba? Kuma a shekara biyun nan bai taɓa sake tada mini maganar ba. Na'urata ta lalace sau biyu, sau biyun ya zo, yana ce mini Abu Kirsh.

Yau ƙungiyarmu tana da sabon kwatabak, wani matashi mai ƙafa kamar barewa, kuma suna ta cin wasa. Kaftin Hisham, wanda furfura ta fara kama shi, ya yi bidiyo yana bayanin yadda mai gudu ke tilasta wa abokan hamayya su ajiye masa mai gadi. Ya ce shi ya daɗe da wannan fahimtar. Kai jama'a! Na kalli bidiyon sau uku don in tabbatar kunnena ne. Saura kaɗan in jefar da wayar.

Nakan tambayi kaina me Bakur zai ce da yana nan. Na san ba zai yi fushi irin nawa ba, wannan ma na cikin abin da ke ƙona mini rai. Zai zauna a bakin fili yana ɓare gyaɗa, ya ce yaron yana da kyau amma yana saurin fita, a gaya masa ya ƙirga biyu tukuna. Masu sharhin Amurka kuwa zai ce sun juya tambayar. Sabon shiga mai gudu yana iya sauya hari, ƙwarai kuwa, tun daga wasansa na farko, domin lissafin dabino bai canza ba. Amma ba shi kaɗai zai yi ba. Sai koci ya yarda ya yaga wasu shafuka, sai 'yan katanga sun koyi kare mutumin da ba sa gani, sai an yi haƙuri da kurakuransa na shekarar farko kamar yadda ake yi wa mai tsayawa. In ba haka ba, za a sa shi cikin harin da aka ɗinka wa wani, ya kasa, a ce ai dama ƙafa gare shi. Sannan a nemo masa suna.

Shekaranjiya da la'asar na je Ruwais. Hajiya, mahaifiyarsa, tana kan darduma tana jan carbi. Rahma ta kawo shayi, ba ta koma ciki ba kamar yadda ta saba, ta tsaya da waya a hannu. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta yi ta lalubo kalmomi. Ta juyo mini da hoton. "Ammi Sani, Babana hurub ne? Sahih?" Wato, Baffa Sani, gaskiya ne? Ashe tun tana firamare wata yarinya ta taɓa gaya mata haka, ta riƙe a ciki shekara da shekaru ba ta tambayi kowa ba. Yanzu ga shi an buga da manyan baƙaƙe, kuma abokan babanta ne suka buga.

Na gaya mata komai, har kujerar taga. Ta ce, "Lesh?" Don me? Hajiya ta ɗaga gefen darduma ta jawo jakarta, ta zaro kwafin nan mai roba, igiyar madubin na jikinsa, ta ajiye a gaban jikarta. Sannan ta dube ni. "Sani, ai na san kai ne tun a makon. Shi ya ce kar in yi maka magana, wai baƙo ne kai, ba ka san garin ba." Shekara bakwai ina shan shayin matar nan.

Daga ƙofar gidan na kira Kaftin. Ya ce laƙabi ne kawai, da shi kowa ya san shi, kuma an riga an buga, ba lokacin sakewa. Na ce to madalla. Shi ya sa na kawo maganar jarida, don kada gobe wani ya ce bai ji ba. Sunansa Abubakar Usman. Iƙamarsa ba ta taɓa mutuwa ko na kwana ɗaya ba, kafilinsa bai taɓa kai ƙararsa ba, shi ya sallaci gawarsa ma. Ku sauke hoton nan ku gyara kafin Juma'a. In ba ku gyara ba zan riga kowa zuwa da tsani da gwangwanin fenti, kuma tumbin nan yana nan, ku turo wanda zai ɗaga ni. In an ba ni abin magana zan faɗi wanda ya ƙirƙiri sunan, in ba a ba ni ba muryar da ta cika fili a wancan karon ba ta mutu ba.

Me ya rage na Bakur? Ba kofi, ba bidiyo ko ɗaya na kirki. Akwai lissafinsa da ake cin wasa da shi yau ba a ambatonsa, akwai na'urori a gidajen Ruwais da har yanzu suke aiki, akwai tsohuwa da ta riƙe masa alkawarin yin shiru. Akwai kuma Rahma, wadda za ta ɗauki sunansa zuwa duk ofishin da za ta shiga a rayuwarta. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa ya yafe mini.

Rahma, na san za a karanta miki wannan, kuma na san Hausa na ba ki wuya, to ki riƙe wannan guda ɗaya. A harshen kakanninki, ya gudu daban, ya yi gudu daban. Babanki ya yi gudu, irin wanda ban sake gani a Madain Fahd ba. Amma bai gudu ba. Yana tsaye a bakin titi da katinsa a hannu. Wanda ya gudu yana zaune a kujerar taga.